Hular sanyi, rawani ko bututun wuya: wanne ya dace da mai keke a lokacin sanyi?

Duk wanda ya taɓa hawa keke da asubar Janairu a Jos ya san inda sanyi yake fara kamawa. Ƙafa tana aiki, ƙirji yana cikin riga, su da sauƙi. Fatar kunne ce take fara zugi kamar ana tsira mata allura, sai goshi ya ɗauka, daga nan iska ta sami ƙofar wuyan riga ta zuro har ƙahon zuciya. Na yi shekaru ina taka keke daga Bukuru zuwa cikin gari wajen aiki, tafiyar kusan kilomita 15, fuskata tana kallon arewa, wato inda iskar hunturu take fitowa. Babu abin rufe kai da wuya da ban gwada ba. Ƙanena da ke karatu a Jamus, yana kuma raba abinci a keke da yamma, shi ya sa na zauna rubuta wannan. A sanyinsa na farko a can ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, don Allah me zan saya? Kunnena kamar zai cire." Abin da na faɗa masa a waya ne nake son in faɗaɗa a nan, don masu tambayar suna da yawa, a gida da waje.

Akwai lissafin da ya kamata mai keke ya riƙe kafin ya taɓa aljihu. Sanyin da wayarka take nuna maka na mutumin da ke tsaye ne. Kai da ka taka feda, ka haɗa wa kanka iska. Hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suna da ma'aunin da suke aiki da shi tun 2001, na yadda iska take ƙara wa fata sanyi. Bisa wannan ma'auni, idan gari yana digiri 10 kana gudun kilomita 20 a awa, fuskarka kamar digiri 7 take ji. Idan yana digiri 5 kana gudun 25, kamar digiri 1 ne. A sifili kuwa, wannan gudun yana kai fatarka kusan digiri 6 ƙasa da sifili. Wannan fa idan gari ya yi tsit ke nan. Idan iska tana tunkarar ka, sai ka haɗa gudunta da naka. Jos tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa asubarta a Disamba da Janairu takan sauko wajen digiri 10, wani lokaci har ƙasa da haka. Kano da Damagaram ba su cika kaiwa nan ba, amma ƙurarsu ta fi, kuma ƙura tana cikin lissafin abin da za ka sa a fuska.

Ana yawan cewa rabin ɗumin jiki ta kai yake fita. Maganar ba ta inganta ba. Kan babban mutum wajen kashi 10 cikin 100 ne na faɗin fatar jikinsa, ɗumin da yake fita ta nan ma bai yi nisa da wannan kason ba. Abin da ya sa ake jin kamar kai ne komai shi ne fuska ta fi sauran jiki saurin jin sanyi, kunne kuma guringuntsi ne da 'yar fata, ba kitse, ba tsoka, ga shi a tsaye a hanyar iska. Saboda haka tula kaya a tsakar ka asarar kuɗi ne. Kunne da goshi da gaban wuya su ne masu buƙata. Tsakar ka kuwa ita ce tagar da zafin aiki yake fita, idan ka toshe ta zufa za ta keto, kuma ruwa yana janye ɗumi daga jiki kusan sau 25 fiye da iska. Mai keke ya fi shan wahalar jiƙaƙƙen kaya a kan ƙarancin kaya.

Sai hular kwano, wadda ita ce alƙalin duk abin da zai biyo baya. Zamanta daidai shi ne ta kwanta a kai ba karkata, bakinta ya tsaya kamar yatsu biyu sama da gira, maɗaurinta ya kama ƙarƙashin haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai zai shiga. Duk abin da zai ɗaga ta ko ya tura ta ƙeya ya faɗi jarrabawa, komai ɗuminsa. Mura tana warkewa cikin mako guda, raunin kai kuwa wani lokaci har abada ne.

Hular sanyi ta saƙa

Ita kowa yake fara saye, don ita ce a kowane bakin titi da zarar hazo ya sauka, kuma ba ta da tsada. Ni ma da ita na fara. Mai sayarwar ya zaro mini wata mai kauri, mai naɗi biyu da tuntu a sama, ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan, ko Rasha ka je ba ruwanka da sanyi." Washegari na cusa ta a ƙarƙashin hular kwano, hular ta hau sama ta zauna kamar an kifa ƙwarya a kan tulu, goshina a buɗe. Kafin in yi rabin hanya, a wani ɗan hawa, kaina ya jiƙe sharkaf. Da na kama gangara iska ta ratsa saƙar, ruwan ya koma kamar na randa a kan fatata. Na isa wurin aiki da ciwon kai, na yini ina jan majina.

Laifin irin wannan hula uku ne a wurin mai keke. Saƙarta mai manyan idanu ce, iska tana wucewa salin-alin. Yawancinta zaren roba ne da ake kira akirilik, wanda yake tara zufa a kan fata. Ga kuma kauri da yake ɓata zaman hular kwano. Ga mai tafiya a ƙasa, ko mai zama a bakin shago, ba ta da na biyu. Idan ita kaɗai ƙarfinka ya kai, nemi mafi siranta, mai ƙananan idanu, ba naɗi ba tuntu, wadda take saukowa ta rufe kunne gaba ɗaya. Sassauta maƙullin bayan hular kwanon kaɗan, ka girgiza kai ka ga ko tana motsi.

Siririyar hula da ɗamarar kunne

Masu kayan keke suna ɗinka wata hula musamman don shiga ƙarƙashin hular kwano. Kaurinta bai fi na singileti ba, tana lafewa a kai, tana da kunnuwa biyu da suke saukowa. Wanda ya san haɓar-kada ta mutanen da zai gane fasalin nan take: su ma kunne suka nufa da ita. Mai kyau a cikinsu tana da wani shafi a goshi da kunne wanda iska ba ta ratsawa, tsakarta kuma sakayau. Gwajinta mai sauƙi ne. Kara ta a baki ka hura, ka sa tafin hannu a ɗaya gefen. A goshi kada ka ji iska, a tsakar ka ya kamata ka ji. Aibinta shi ne wannan shafin yana rage ji, wani ma yana ƙara kamar leda idan iska ta buge shi. A titin da tirela da keke-napep suke bin bayanka, kunne ido ne na biyu. Sa ta a kai tun a wurin saye, ka ce wa mai kayan ya yi magana a bayanka.

Ɗamarar kunne kuwa ƙyalle ne mai faɗin yatsu huɗu ko biyar, mai talewa, yana zagaye goshi da kunne da ƙeya, ya bar tsakar ka a buɗe. A sanyin Jos ita na fi so nesa ba kusa ba. Tana tare daidai inda yake ciwo, zafin aiki yana fita ta ramukan hular kwano, ba ta canza zaman hular ko kaɗan, kuma idan rana ta fito sai ka zare ta ka cusa a aljihun wando. Ba lallai ka sayi ta kanti ba. Tawa ta farko tela ne ya yanka mini daga wata tsohuwar rigar sanyi, ya haɗe bakin. Sai dai mai sanƙo ko mai askin ƙwal-kwabo zai ji iska tana zuba masa ta ramukan nan kamar ruwan famfo; shi siririyar hula ta fi masa. Haka kuma da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 5, ɗamara ita kaɗai takan gaza.

Bututun wuya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, wannan zan ɗauka. Yadi ne mai talewa da aka yi shi kamar hannun riga, ba baki ba jela, kana zura kai ya zauna a wuya. Mutane da yawa suna kiransa Buff, sunan kamfanin Sifaniya da ya yaɗa shi. Wani mai suna Joan Rojas ne ya fara yin sa a 1992 a garin Igualada kusa da Basalona, kuma shi kansa mahayin babur ne mai neman abin da zai tare masa iska a wuya. Yanzu masu yin irinsa ba su ƙirguwa, ana kuma samunsa a dilar gwanjo.

Abin da ya ɗaukaka shi shi ne yana bin yanayin tafiya. Da fitowata daga gida nakan ja bayansa sama ya rufe ƙeya da kunnuwa, ya shige ƙarƙashin hular kwano, gabansa ya hau kan hanci. Bayan minti goma jiki ya ɗau zafi, sai in sa yatsa ɗaya in sauko da shi ƙarƙashin haɓa, ba tare da na tsaya ba. Idan gangara ta zo in mayar. Babu wata hula da za ta yi maka wannan. Ga mai asma ko wanda sanyi yake tayar wa tari, rufe baki da hanci yana da amfani na gaske, domin iskar da za ka shaƙa tana ɗan ɗumama ta kuma sami laima kafin ta shiga ƙirji, busasshiyar iska mai sanyi kuwa ita take ƙuntata hanyoyin numfashi.

Yana da nasa wahalhalun. Numfashi yana jiƙa wurin da ke kan baki, idan ka sauke ka mayar sai ka ji shi sanyi ƙalau. Maganinsa ka juya bututun, busasshen gefe ya dawo gaba. Na biyu, mai tabarau zai sha fama, don tururin numfashi yana bi ta gefen hanci ya rufe gilashi, musamman idan ka tsaya a danja. Ka bar hanci a waje, ko ka sauke bututun kafin ka tsaya. Hawa keke da gilashin da ya yi hazo ganganci ne.

A nan ne zancen yadi ya fi muhimmanci, don kala uku za ka tarar. Akwai siriri na foliyesta: shi ne mafi araha, yana saurin bushewa, ana numfashi ta cikinsa ba wuya, amma yana saurin wari. Ga sanyin ƙasarmu ya wadatar. Akwai na ulun merino, gashin wata tunkiya mai asali a Sifaniya wadda yanzu aka fi kiwonta a Ostareliya. Zarensa siriri ne ƙwarai, shi ya sa ba ya ƙaiƙayi kamar ulun bargon da muka sani. Ulu yana iya shanye laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin ka ji shi a jiƙe, yana riƙe ɗumi ko da ya yi danshi, kuma ba ya saurin wari. Tsada gare shi, yana jinkirin bushewa, asu ma yana cin sa idan aka ajiye shi da datti. Shi na ce wa ƙanena ya saya, don mai raba abinci yana gudu ya tsaya, ya hau bene ya sauko, zufa da sanyi suna karɓa-karɓa a jikinsa. Na uku shi ne mai gashi-gashi irin na bargon jarirai, wanda ake kira filis. Ɗumi kam ba a magana, amma yana da kauri, ba ya hawa ƙarƙashin hular kwano da daɗi, numfashi ta cikinsa kuma aiki ne. Sai an shiga ƙasa da sifili yake da rana. Auduga kuwa, duk da son da muke mata, a kiyaye ta a nan: tana shan ruwa ta riƙe, ta lafe a fata.

Balakalaba

Ita ce hular da take rufe kai da wuya da fuska a haɗe, ta bar ido. Sunan ya samo asali daga Balaklava a yankin Kirimiya, inda sojojin Ingila suka yi yaƙi a 1854, aka riƙa aika musu irin wannan saƙa saboda tsananin sanyi. Fifikonta shi ne ba ta barin wata kafa tsakanin hula da abin wuya, inda iska takan sami fata. A wuraren da sanyi yake kaiwa digiri 10 ƙasa da sifili, kamar biranen Kanada, ba ta da madadi: a wannan sanyin gudun kilomita 25 yana sa fuska ta ji kusan 19 ƙasa da sifili, kuma idan abin ya zarce 27 ƙasa da sifili fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin rabin awa. Wanda zai saya ya nemi mai haɓar da ake iya saukewa daban, mai ƙananan huji a wurin baki.

A ƙasarmu ban ga amfaninta ba. Za ta dafa ka kafin ka yi kilomita uku, kuma ba ka da yadda za ka rage ta sai ka tsaya ka cire hular kwano. Akwai kuma abin da ya fi zafi muhimmanci. Mutumin da ya tunkaro shingen jami'an tsaro ko ƙofar unguwa da duku-duku, ido kawai ake gani, ya jawo wa kansa zargin da ba ya buƙata. A Turai ma haka na gargaɗi ƙanena. Faransa da Beljiyam da Ostiriya suna da dokokin hana rufe fuska a bainar jama'a, kowacce da nata togaciya, kuma ko inda babu doka, kada ka ƙwanƙwasa ƙofar mutane ko ka shiga kanti fuskarka a rufe. Siririyar hula haɗe da bututun wuya suna yin kusan aikin balakalaba, kuma cikin daƙiƙa guda ka buɗe fuska ka yi sallama.

Rawani da mayafi

Ina girmama rawani, kuma duk wanda ya ga yadda Buzaye suke naɗa shi ya san ba ado kaɗai ba ne. Naɗi a kan naɗi yana riƙe iska mai ɗumi a tsakani, amawali yana tare ƙura, wuya da kunne duk a rufe. Ga dattijon da ke taka kekensa a hankali daga ƙauye zuwa kasuwa, ya fi hular saƙa amfani. Matsalarsa biyu ce: hular kwano ba ta hawa kansa, kuma yana da jela. Idan naɗin ya warware kana cikin gudu, ko dai ya rufe maka ido ko ya nufi taya. Wanda ba zai iya rabuwa da shi ba ya ɗauki gajere, ya naɗa a wuya da haɓa kawai, ya cusa bakin biyu can cikin riga ya ja zif.

Wannan gargaɗin ya fi shafar mata. Dogon mayafi ko hijabi mai jan ƙasa a kan abin hawa mai taya a buɗe haɗari ne da aka sha gani a babur, keke ma bai tsira ba. Shahararriyar mai rawar nan ta Amurka, Isadora Duncan, haka ta rasu a birnin Nis na Faransa a 1927, dogon gyalenta ya naɗe a tayar mota. 'Yar'uwa mai hawa keke ta nemi gajeren hijabi mai talewa irin na masu motsa jiki, wanda yake tsayawa a kafaɗa ya shige cikin riga. Shi kansa ya riga ya yi aikin siririyar hula da abin wuya. Kada a sa fil ko allura a ƙarƙashin hular kwano, a kuma ɗaure gashi ƙasa-ƙasa a ƙeya don hular ta zauna.

Hular da ke haɗe da rigar sanyi ba na ba da shawararta. Idan ka waiga ba ta waigawa tare da kai, sai ka ga cikin yadi maimakon motar da ke tafe.

Game da ƙura, kada a ruɗi kai. Bututun wuya yana tare yashi da manyan ɓarɓashi, amma lallausar ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana ratsa ƙyalle ɗaya ba wuya. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta koma kamar farin faranti, takunkumi irin N95 ne yake tacewa, idan ya kama fuska sosai. Numfashi a cikinsa yana da nauyi, saboda haka ka rage gudu, ka ajiye wani a jaka don yana jiƙewa. Shafa man kaɗe ko basilin a leɓe da kumatu kafin fita yana hana tsagewa.

Ga yadda nake yi yanzu. Idan asuba ta haura digiri 12, siririn bututu kawai, a ja shi kan kunne. Tsakanin 5 da 12, ɗamarar kunne da bututu. Abin da na tsara wa ƙanena na sanyin Jamus, inda ake yawan zagaye sifili, siririyar hula mai tare iska da bututun merino guda biyu, ɗaya a wuya ɗaya busasshe a jaka. Idan ka fito daga gida kana jin ɗumi tun kafin ka hau, kayan sun yi yawa. Ya kamata ka ɗan ji sanyi a mintuna biyar na farko.

Mai neman na gwanjo, a Jos kasuwar Katako ce wurin dubawa, kuma gara a je tun Oktoba kafin kowa ya farga. Juya kayan ka karanta ƙyallen da ke ɗinke a ciki, shi zai gaya maka yadin. Ja shi ka saki, idan bai koma yadda yake ba ya mutu, zai riƙa zamewa daga hanci. Wanke shi kafin ya taɓa fuskarka, bayan haka kuma duk kwana ɗaya ko biyu, tunda numfashi da majina yake sha. Merino da ruwan sanyi ake wanke shi, ba a murɗawa, a shanya a inuwa.

Bayan mako biyu ƙanena ya sake kira. Kunne ya samu lafiya, amma ya zo da abin da ban lissafa ba, don sanyinmu busasshe ne, nasu kuwa da yayyafi yake zuwa: ruwa yana bi ta ramukan hular kwano ya jiƙa hular ciki. Wani abokin aikinsa ya nuna masa rigar hular kwano, wata 'yar leda mai roba a baki da ake ɗaura mata ta waje, tana tare ruwa da iska gaba ɗaya. Ya sayi mai launin ɗorawa mai ƙyalli, saboda a Disamba ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya riga ya shiga a can.